Matuƙin da Allura ta Tayar

"Ka ta da matacce!"

Auta ta dire littafin a kan tebur da ƙarfi, har gwangwanin gam ya yi rawa. Mai Littafi ya ɗago kai a firgice, zare a bakinsa, tabarau ya zamo masa zuwa kan hanci.

"Sannu da zuwa, rabin raina. Wa na tayar?"

"Ajiye rabin ran nan a gefe tukuna. Buɗe ka gani!"

Ya buɗe inda ta saƙala ƙyallen alama. Ya karanta layi ɗaya, ya karanta na biyu... sai zaren ya faɗo daga bakinsa.

"Tsohon Matuƙi..."

"Shi fa."

"Amma ai ya mutu a littafi na bakwai."

"Ni kake gaya wa? Ni na karanta wa Baba mutuwarsa da bakin nan nawa! Ga shi nan a na takwas, garau, yana kurɓar shayi a bakin jirgi yana zagin ma'aikatansa!"

Shagon Mai Littafi ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai aski da mai gyaran takalmi. Kantoci har rufi, cike da littattafan haya. A ƙurya ga teburin aikinsa: allura, basilla, zare mai kaki, da wani dutse mai nauyi da yake danne littafi da shi har gam ya bushe. Auta tela ce, shagonta na tsallaken titi. Tun farkon haɗuwarsu take tsokanarsa cewa sana'arsu ɗaya, ita tana ɗinka wa mutane shi yana ɗinka wa takarda, sai dai nasa ba sa dawowa su ce hannun riga ya matse.

Littafin da ya haɗa su kuwa shi ne Daular Wata Biyu, labari mai tsawon gaske, littafi goma sha biyu, kowanne ya kai kaurin bulo. Duniya ce mai wata biyu a sama, jirage na tafiya a kan gajimare, birane a kan bayan manyan kunkuru, da wata yarinya Sarauniya da aka ƙwace wa sarauta tana fafutukar komawa gida.

Auta don kanta ta fara aro. Mahaifinta tsohon direban babbar mota ne. Tun da Mama ta rasu, idonsa kuma ya daina gani, ya shige ɗaki ya yi shiru, ko rediyo ya daina kunnawa. Wata rana da yamma tana karatu da ƙarfi a falo don ta kori kaɗaici, ta tsaya ta sha ruwa, sai ta ji murya daga ɗaki:

"To, sai me ya faru?"

Daga ranar Baba ya dawo falo. A cikin mutanen labarin kaf babu wanda ya shiga ransa kamar Tsohon Matuƙi, mai tuƙa jirgin Sarauniya, masifaffen tsoho da ba ya barin kowa ya taɓa masa igiya. "Wannan direba ne na gaske," in ji Baba. Ya so labarin har ya aiki Auta da saƙo wurin Mai Littafi: "Ki ce masa na san ya karanta har ƙarshe. Ko na roƙe shi, ko na yi masa barazana, kar ya kuskura ya faɗa min abin da ke gaba. Ya yi min alkawari." Mai Littafi ya dafa ƙirji ya yi alkawari.

Da Matuƙin ya mutu a littafi na bakwai, yana riƙe da jirgi cikin guguwa har Sarauniya ta tsira, sai Baba ya koma ɗaki. Abinci ma sai da lallashi.

Yanzu ga Mai Littafi yana jujjuya shafuka, gumi na tsatso masa.

"Na gane," ya faɗa a hankali. "Kin tuna lokacin da kuke karanta na huɗu, Baba ya yi ƙorafin labarin ya yi tsalle?"

"Na tuna. Har ya ce marubucin ya yi gyangyaɗi."

"Dami ɗaya ne ya ɓalle ya ɓata. Kin san littafi dami-dami ake ɗinka shi. Da na zo gyaran na takwas sai na tsinci wani dami a ƙasan kwali, ɓera ya cinye lambar shafin. Ƙa'idata kafin in soka allura sai na karanta ƙarshen wancan damin da farkon wannan, in ga sun haɗu. Ranar kuwa..."

"Ranar me?"

"Ranar kika shigo da jan mayafi."

Auta ta ji dariya ta taso mata, ta danne ta da ƙyar.

"Au, laifina ne ke nan?"

"Laifin idona ne." Ya miƙe ya fara laluben hularsa. "Mu je in gaya wa Baba."

Ta tare ƙofa da hannu biyu.

"Ba inda za ka!"

"Auta..."

"Ka san me ya yi da na karanta wurin? Miƙewa ya yi tsaye! Ya ce dama ya san tsohon direba ba ya mutuwa da sauƙi. Ya nemi mataji ya taje gemunsa. Ya ci abinci har ya nemi ƙari. Rabon da in ji dariyarsa haka tun Mama na raye."

Mai Littafi ya koma ya zauna.

"Sannan ka manta ƙarshen wata zai ba da amsa a kan aurenmu? Dama me yake cewa? Wai mutumin da ke zaune cikin takardu rabin hankalinsa na wata duniya, ba zai iya riƙe gida ba. Gwaggo kuma kullum tana kunnensa da zancen a aurar da ni ga Ɗan Gayu. Yanzu ka je ka ce masa ka ɗinke littafi a karkace saboda ka ga mayafi? Ai ka gama yi musu aiki!"

"To in damin ya ƙare fa? Labarin zai koma inda Matuƙi ba ya raye."

Auta ta ɗauki littafin ta rungume.

"Wannan kuma ka bar min."

*

Damin bai daɗe ba ya ƙare. Washegari da yamma Auta ta buɗe shafi na gaba, ta tarar da Sarauniya tsaye ita kaɗai a bakin jirgi tana tuna marigayi. Ta saci kallon Baba. Yana zaune a kujerarsa ta kullum, sanda a tsakanin gwiwoyi, fuskarsa sai sheƙi take.

Sai ta karanta abin da babu shi a takarda.

"Sai Tsohon Matuƙi ya taho yana ɗingishi, ya ce, ranki ya daɗe, matsa min daga kan igiyata..."

"Haka!" Baba ya buga sanda a ƙasa. "Gaya mata!"

Daga nan abin ya zame mata aiki. Da rana tana taka keken ɗinki tana ƙirƙiro abin da Matuƙi zai faɗa da yamma, har sau ɗaya ta ɗinke wa wata mata wuyan riga gaba ɗaya. Inda littafin ya ce an yi makoki, sai ta tsallake. Inda aka yi yaƙi da mayaƙan hazo, sai ta cusa tsohon a tsakiya da sandar tuƙinsa.

Sai dai Auta tela ce, ba ta taɓa hawa ko kwalekwale ba.

"Sai Matuƙi ya dubi alkyabbar Sarkin Kunkuru ya ce, wanda ya yanka wannan bai auna kafaɗa ba, ga lafin ƙasa duk ya karkace..."

Baba ya karkata kai.

"Ikon Allah. Wannan tsohon tun da ya dawo ya koyi ɗinki ne?"

"Ƙila... ƙila a can ya koya, Baba."

"To. Ci gaba, 'yar albarka."

Ranar ta ruga shagon Mai Littafi tana haki.

"Ka taimake ni, masoyi. Kai ka san muryarsa. Ka riƙa tsara min maganarsa kawai, ni zan faɗa."

Ya ajiye basilla. Idanunsa sun faɗa, da gani ya daɗe yana fama da zuciyarsa.

"Ba zan iya ba."

"Ko don ni?"

"Auta, na auna abin nan ta kowace fuska. Dariyar Baba gaskiya ce, ban musa ba. Ke ma ba don mugunta kike yi ba. Amma mutumin nan ya ba ki idonsa ne ki duba masa. Duk abin da kika ce yana kan takarda, ba shi da yadda zai bincika."

Maganar ta soke ta. Shi ya sa ta ɗaga murya.

"Kai ka jawo, ni nake sharewa, kuma kai ne mai yi min wa'azi!"

"Ni na jawo, shi ya sa zan faɗa masa. Ba zan karɓi 'na ba ka' daga bakin mutumin da nake yaudara ba."

"In ka faɗi naka ai ka tona nawa!"

"Na sani... Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Ke nake so ki fara faɗa. Ina jiranki har ranar amsa."

"In ban faɗa ba fa?"

Ya ɗauki zare yana shafa masa kaki.

"Ka zauna da gaskiyarka ta aure ka!" Ta fice fuu, har labulen ƙofar ya bi ta.

Ta tsallaka titi tana hawaye. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, wannan taurin kan nasa ne ya sa ta fara son sa.

*

Ɗan Gayu mai shagon wayoyi ne, ɗan ƙawar Gwaggo. Turarensa ke riga shi shiga gida. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta ba shi shawarar ya riƙa zuwa zaman karatu don ya shiga ran tsoho. Yana zuwa kuwa, sai dai kafin a juya shafi biyu ya fara gyangyaɗi.

"Ɗana, me ka gani game da Sarkin Kunkuru?" Baba ya tambaye shi wata rana.

Ya farka a firgice. "Ai... mutumin kirki ne, Baba."

"Wanda ya ƙona birni guda?"

Don kar ya sake jin kunya, Ɗan Gayu ya koma laluben labarin a wayarsa, inda mutane ke taƙaita littattafai. Auta tana cikin karatu, tana tsaka da sa Matuƙi ya yi wa wani dodo tsawa, ta ɗago ido ta ga yana kallon wayar, yana kallon ta, yana murmushi.

Ta gane ya gano ta.

Da ta raka shi ƙofa, ya rage murya.

"Autar mata, ashe ke ma marubuciya ce?"

"Ban gane ba."

"Na ga ɗinkin littafin nan sabo ne. Na kuma san wanda ya ɗinka." Ya gyara agogonsa. "Kar ki damu, ni mai rufin asiri ne... ga matata."

"To ka je ka nemo ta ka rufa mata."

Ta rufe ƙofa, ta jingina da ita. Sau biyu a kwanakin da suka biyo baya ta durƙusa gaban Baba da niyyar faɗa. Sau biyun yana tarbar ta da, "Yau ina tsohona zai kai mu?" sai ta fasa, ta ɗauko littafin.

*

Ranar amsa falon ya cika. Baba a kujerarsa, Gwaggo a gefensa da sabon mayafi, Ɗan Gayu ya harɗe ƙafa. Auta ta kawo shayi. Mai Littafi ne ya shigo a ƙarshe, da tsohuwar jakar aikinsa a kafaɗa. Ya gaida kowa, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

"Wa ya shigo min da ƙarafa?" in ji Baba. "Na ji abu na ƙara a jaka."

"Kayan aikina ne, Baba. Akwai maganar da..."

"Kafin nan, Yaya," Gwaggo ta katse shi, "yaron nan yana da abin da zai gaya maka. Faɗi, ɗana, kar ka ji nauyi."

Ɗan Gayu ya gyara murya.

"Baba, raina ne bai so a ci gaba da yi maka wasa da hankali. Matuƙin nan ya mutu tun a littafi na bakwai, bai kuma dawo ba a na takwas. Wannan bawan Allah ne ya ɗinke shafuka a inda ba wurinsu ba, ita kuma Auta ya sa ta tana ƙirƙiro maka ƙarya don a rufa masa asiri."

"Ba shi ya sa ni ba!" Auta ta faɗa da ƙarfi.



"Kuma don ka san na san abin da nake faɗa," Ɗan Gayu ya ci gaba yana shafa waya, "duk labarin yana nan a hannuna. Kar ma ka wahalar da kanka da sauran littattafan. A ƙarshe ai ita Sarauniyar..."

Bai ƙarasa ba.

Mai Littafi, mutumin da ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi, ya yi tsalle ɗaya ya tsallake farantin shayi, ya toshe bakin Ɗan Gayu da tafin hannunsa.

"Kar ka faɗa! Don girman Allah kar ka faɗa!"

"Mmmf!"

"Na shiga uku, zai kashe ɗan mutane!" Gwaggo ta yi ihu.

Baba kuwa tuni ya toshe kunnuwansa da yatsu yana rera wata tsohuwar waƙar direbobi da iya ƙarfinsa. Sai da Auta ta taɓa gwiwarsa ya sauke hannu.

"Ya faɗa?"

"Bai faɗa ba, Baba."

"Alhamdu lillahi." Ya juya fuskarsa wajen da turare ke tashi. "Kai, ɗana. Shekara nawa ina bin yarinyar nan daga birni zuwa birni, ka zo ka sauke ni a tsakiyar hanya? Ko yaron mota ba ya yi wa fasinja haka. Tashi ka ba ni wuri."

"Baba, ni fa gaskiya na..."

"Gaskiyarka na ji ta, na gode. Ka tafi da sauran a wayarka."

Ɗan Gayu ya fita yana goge baki, yana ƙunƙunin an shafa masa gam a gemu. Gwaggo ta tsuke baki ta zauna.

Auta ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba... gaskiya ne. Shi tun ranar farko ya so ya gaya maka, ni na tare ƙofa. Na ga kana dariya ne... na kasa."

Baba ya jingina da kujera. Ya murza kan sandarsa.

"Ashe dai ya tafi."

"Ya tafi, Baba."

Hawaye ya gangaro cikin gemun da ya taje. Auta ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka.

"Na so in yi zargi," ya ce can, "ranar da ya fara auna kafaɗar sarakuna. Sai na ce wa raina, kai tsoho, yi shiru ka ji daɗinka." Ya dafa kanta. "Amma kar ki ƙara, Auta. In abu ya mutu ki ce min ya mutu. Makaho ne ni, ba yaro ba."

"Na tuba, Baba."

"Kai kuma, mai ƙarafa. Matso."

Mai Littafi ya matso a kan gwiwoyinsa.

"Kuskurena ne, Baba. Na karya ƙa'idar aikina, ban karanta ba na ɗinka. Na zo da kayan aiki in farke in mayar da damin inda ya fito."

"Ina ya fito?"

"Daga na huɗu. Wurin da ka ce labarin ya yi tsalle."

Baba ya ɗago kai.

"Tsaya. Wato wancan na farkon, inda yake shan shayi yana zagin ma'aikata... ba Auta ta ƙirƙira ba?"

"A'a, wannan nasa ne na gaske. Ba ka taɓa ji ba ne kawai."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya mai haɗe da hawaye.

"Ka ji ikon Allah. Ashe hirarsa ce da ta ɓace min, ka tsinto ka kawo min bayan ya tafi." Ya girgiza kai. "Da za a samu wanda zai yi irin wannan kuskuren ya tsinto min yini ɗaya na mahaifiyar yarinyar nan da ban taɓa gani ba, wallahi da na ba shi duk abin da na mallaka."

Har Gwaggo sai da ta share ido da bakin mayafi.

Baba ya gyara zama, murya ta koma ta direban da ya saba ba da umarni.

"To, ga amsata. Ka karanta labarin nan har ƙarshe, ko?"

"Sau uku, Baba."

"Duniyar nan tasu akwai masu sihiri, akwai abin mamaki iri-iri. Tambaya ɗaya zan yi maka. Kafin littafi na goma sha biyu ya ƙare, tsohona yana dawowa ko ba ya dawowa? I ko a'a. Ka faɗa, na ba ka Auta yanzun nan, ga Gwaggonta shaida."

Auta ta ɗago kai. Ta juya ta kafe Mai Littafi da ido. Kalma ɗaya ce fa! Ta motsa masa leɓe: faɗa... don Allah faɗa...

Ya dube ta, duban da ya sa ta gane tun kafin ya buɗe baki. Gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ba zan faɗa ba, Baba."

"Me ka ce?"

"Ka sa na yi maka alkawari. Ka ce ko ka roƙe ni, ko ka yi min barazana."

"Ni na sa ka, ni kuma na warware!"

"Ai don irin wannan ranar ka ɗaure ni. Yau kana cikin baƙin ciki ne. In na faɗa, gobe za ka farka da littafi huɗu a gabanka da na riga na zubar musu da daɗi, kuma ba ni da allurar da za ta mayar."

"Ko da za ka rasa ta?"

Mai Littafi ya sunkuyar da kai.

"Ina son Auta fiye da duk littafin da ke shagona, Baba. Amma in na saye ta da alkawarin da na yi maka, da wane baki zan yi mata nawa alkawarin?"

Auta ta rufe fuska. Ba ta san ko ta shaƙe shi ko ta rungume shi ba.

Sai kafaɗun Baba suka fara rawa. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke sa shi tari, yana buga sanda a ƙasa.

"Kin ji ɗan banzan taurin kai! Wallahi sak Matuƙi! Ba ya barin kowa ya taɓa masa igiya!"

"Yaya, wai me kake nufi?" in ji Gwaggo.

"Ina nufin na ce rabin hankalinsa na wata duniya, to rabin da ya rage ya fi na wasu cikakke. Mutumin da ya tsallake farantin shayi don kunnena, ya kuma ƙi sayar da maganarsa ko da 'yata aka ɗora a sikeli... Na ba ka ita. Tashi ka daina jiƙa min tabarma da gumi."

"Baba!" Auta ta ƙanƙame shi.

"Sake ni, maƙaryaciyar tela. Kai kuma ɗauko basillarka ka mayar da tsohona gidansa. Na huɗun za mu sake daga farko, cikakke. Sannan mu dawo na takwas a karanta min makokinsa yadda aka rubuta, in yi kukana in huta."

A nan tsakiyar falo Mai Littafi ya baje kayan aiki. Auta ta riƙe masa zare. Kafin ya soka allura ya karanta ƙarshen wancan damin da farkon wannan da ƙarfi, har sau biyu, bai ɗago ido ya kalle ta ba ko sau ɗaya.

"Yau ba jan mayafi na sa ba," ta raɗa masa.

"Ko buhu kika yafa, gara dai in yi hankali."

*

An yi aure kafin su kai littafi na tara. Auta da kanta ta ɗinka rigar angonta, ta kuma auna kafaɗar da kyau. Gwaggo ta sauko, har ta fara zuwa zaman karatu, tana cewa ita rakiya kawai take yi, alhali ita ce ke fara zagin Sarkin Kunkuru.

Yanzu karatun murya biyu ne. Auta ke yin Sarauniya, mijinta ke yin dodanni, kuma duk wanda ya tsallake layi sai Baba ya buga sanda. Bai kuma daina ɗana wa surukinsa tarko ba.

"Ɗana, wannan jirgin da aka ajiye, ai mai shi zai dawo ya ɗauka, ko?"

"Shayinka zai huce, Baba."

Wata yamma suna dawowa gida, littafi na goma sha ɗaya a hammatarsa, Auta ta saƙalo hannunsa ta marairaice murya.

"Masoyi..."

"Na'am, rabin raina."

"Ni fa ba ka yi min alkawarin komai ba. Kuma ni matarka ce. A kunne kawai... yana dawowa?"

Ya tsaya. Ya duba hagu, ya duba dama, ya sunkuyo har ta ji numfashinsa a kunnenta.

"Gobe da yamma," ya raɗa, "ke za ki fara karantawa."

Ta fizge littafin ta bi shi da gudu har ƙofar gida.